Shekarar da Baƙo Ya Ɗauki Kwanonsa

Na san abin da ake faɗa muku a cikin dangi, wai ni na kori Alhaji Mumuni na Bawku daga gidan ubana, mutumin da ya shekara talatin yana sauka a wurinmu. Wasu har suna ƙarawa da cewa na daka masa tsawa a gaban mutane. Ban yi masa tsawa ba, ban kuma ce ya fita ba. Amma ba zan ce muku ba ni da laifi ba. Zan jera muku abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya. Ku bari sai kun kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Sai kun fara sanin yadda gidan yake a hannun kakanku. Masaukin fatake ne, tun zamanin da kakanninmu suke cinikin goro a Salaga. Ɗaki goma sha biyu ne zagaye da tsakar gida, da babban zaure, da rijiya biyu, ɗaya takan ƙafe tun rani bai yi nisa ba. Masu sayen doya daga kudu, masu albasa da dabbobi daga Bawku, masu busasshen kifi daga Kete Krachi, da duk wanda jirgin fito na Makango ya ƙi tashi da shi, a nan suke sauka. Ƙa'idar Baba ita ce baƙo ba ya taɓa abu uku: guga, da kwanon abinci kafin ya iso gabansa, da kayansa ranar tafiya. Ruwan alwala a bakin ƙofa zai tarar da shi. Abinci a ɗaki za a kai masa, a rufe da faifai, wanda ya kawo ya durƙusa ya ajiye. Ranar da zai tafi a ɗaukar masa kaya zuwa tasha, maigida kuma ya raka shi da ƙafa har sai mota ta tashi. Mutum tara ne suke wannan aiki. Yaran gida muke ce musu, ko da yake akwai masu gemu da masu iyali a cikinsu.

Har yau idan na rufe ido ina jin gidan nan da hantsi. Turmi uku ake dakan sakwara a lokaci guda, kowane turmi da irin ƙararsa, masu dakan suna zolayar juna da Hausa da Gonjanci a cakuɗe. Igiyar guga tana kuka a bakin rijiya. A kan duk wannan akwai muryar Gwaggo Azumi, ƙanwar Baba, wadda madafi yake hannunta. Ba ta iya karatu ba, amma ta san wane baƙo ne ba ya cin yaji, wane ne haƙoransa suka zube yake son tuwo da laushi, wane ne matarsa ta rasu bara ake ƙara masa nama ba tare da an ce komai ba. Baƙin da suka daɗe kowa da kwanonsa, ba a musanya masa. Na Alhaji Mumuni shuɗi ne, ɗakinsa kuma shi ne na gindin darbejiya. Dogon mutum ne, ɗan kasuwar albasa, aminin Baba tun suna samari. Shi da Gwaggo ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Daga ɗakinsa zai ɗaga murya:

"Azumi, wannan miya ce, ko kogin Volta kika ɗebo mini a kwano?"

"Ruɓaɓɓiyar albasar da kake kawo mana ce, Alhaji. Mai kyau ai mutanen Kumasi kake kai wa."

"To ƙaro mini kogin."

Baba ya rasu, gidan ya dawo hannuna. Shekara biyu na riƙe shi yadda na same shi, ban sauya ko wurin ajiye tsintsiya ba. Sai zamanin tafiya Legas ya zo. Ku ba ku gani ba, amma a farkon shekarun tamanin kusan duk mai ƙarfi a zangonmu idonsa yana Najeriya. Gari ya yi tsanani, sabulu ma sai an sha wuya. Mutum biyu suka fara tafiya bayan ƙaramar salla. Uku suka bi su da kaka. Sauran suka riƙa zamewa ɗaya ɗaya. Na ƙarshe shi ne Fuseni, babban cikinsu, wanda ya girme ni, shi ya koya mini jan guga ma. Ya zo ya tsaya a zaure da jakarsa a hannu.

"Maigida, ba wani abu aka yi mini ba. Kowa ya tafi. Wanda ya tafi bara ya dawo da rediyo mai kaset da katifa, ni kuwa har yanzu a tabarma nake."

"Wa zai ja ruwa, Fuseni?"

"Za ka samu wani."

Ban samu ba. Muka rage mu huɗu: ni, da mahaifiyarku Habiba, da Gwaggo, da wata Bagonjiya mai suna Adisa da take zuwa da safe ta tafi da la'asar. Wata huɗu muka yi muna ƙoƙarin yin aikin mutum tara. Ni ke jan ruwa, ni ke raka baƙi, wata rana in je tasha sau biyar. Habiba tana ɗauke da cikin babbarku, amma ita ke zagaya ɗakuna da kwanuka, ta durƙusa ta tashi sau talatin da wani abu a yini. Abinci yana isa a sanyaye. Sakwara ta koma mai ƙulli. Na fara mayar da baƙi daga bakin zaure, abin da ba a taɓa yi ba a gidan nan, har ɗaki shida suka zauna a rufe. Ranar da na dawo daga tasha na tarar da Habiba a zaune a ƙasa kusa da rijiya, bokiti ya kife, ta kasa tashi, ranar na san abu biyu ne a gabana: ko in samo hannaye, ko in rufe gidan ubana.

An ce mini a Yendi akan samu masu neman aiki bayan an gama girbi. Na tafi. Kwana uku ina yawo daga zango zuwa kasuwa, duk wanda na tambaya sai ya yi dariya ya ce shi ma nema yake. A rana ta uku ina zaune a benci a tasha ina jiran motar komawa, sai motoci biyu suka tsaya a tare, fasinja suka zubo wurin wata mai wake da shinkafa. Ita da ƙanwarta ne kawai. Na ce a raina yau za a yi rikici. Ba a yi ba. Kowa ya ɗauki faranti a kan tebur, ya bi bayan na gabansa, ta zuba masa, ya matsa. Wanda ya gama ya jefa farantin a cikin baho. Ruwan wanke hannu yana cikin durom da aka sa wa kan famfo, kowa ya murɗa da kansa. Kafin direbobi su gama shan taba, ta ciyar da mutanen da mu za mu yini muna yi wa hidima. Ita kuwa ƙafarta ba ta motsa daga gaban tukunya ba. Na daɗe ina kallo har ta lura.

"Malam, tun ɗazu kake kallon tukunyata. Ci za ka yi, ko aurenta ka zo nema?"

"Tambaya ce da ni, Hajiya. Ina ma'aikatanki?"

Ta nuna mutanen da ludayi.

"Ga su nan a layi. Kowa da hannu biyu ya zo."

A cikin mota na gama tsara komai, kafin mu kai Bimbila na san abin da zan fara da wanda zai biyo baya. Da farko na sa maƙeri ya sa wa durom uku kan famfo, na jera su a tsakar gida, ina cika su sau ɗaya da sassafe. Sannan abinci ya koma zaure, sau uku a yini, kowanne da lokacinsa. Kwanuka a jere a kan kanta, kowa ya ɗauka ya zo gaban Gwaggo ta zuba masa, miya iri ɗaya ga kowa. Sakwara sai ranar Juma'a. Kaya kuma amalanke ɗaya zai kwashe su zuwa tasha da hantsi, ni in raka masu tafiya gaba ɗaya. Na rubuta wannan da alli a bangon zaure, da ajami da boko. Gwaggo ta sa aka karanta mata, ta saurara har ƙarshe.

"Isiyaka, gidan yayana za ka mayar kurkuku? A kurkuku na ji ana layi da kwano."

"Gwaggo, ko layi ko a rufe ƙofa. Kin ga yadda Habiba ta koma."

Gwaggo tana son Habiba. Sai ta ce:

"To, na ji. Amma ban da Alhaji Mumuni."

"Babu ban da kowa. In na cire mutum ɗaya yau, gobe goma ne za su ce su ma manya ne."

"Kai dai tun kana yaro ko tsakuwa ka tara sai ka jera ta."

Gaskiya ita ce tsarin ya yi aiki, ba kuma zan ɓoye wannan don a ce ina da kunya ba. Cikin wata biyu na buɗe ɗakunan nan shida, har muna shimfiɗa tabarmi a zaure idan jirgin fito ya lalace. Mu huɗu muna ɗaukar baƙin da mutum tara ba su taɓa ɗauka ba. Abinci da zafinsa ake ci. Habiba ta samu zama, ta haihu lafiya. Matasan 'yan kasuwa ma sun fi son haka, domin a wurin cin abinci suke jin farashin doya a Yeji da halin da hanya take ciki. Wasu tsofaffi sun yi gunaguni kwana ɗaya, suka saba. Na fara jin cewa na fi Baba dabara. Wannan tunani shi ne farkon kuskurena.

Alhaji Mumuni ya iso bayan an cire albasar rani. Tun rasuwar Baba bai fasa zuwa ba, bai kuma san an sauya komai ba. Na tare shi, na kai shi ɗakinsa na gindin darbejiya, na fita wurin awon doya da niyyar in dawo in yi masa bayani. Na dawo bayan azahar, an fara layi a zaure. Ina shiga tsakar gida na ga Gwaggo ta fito daga madafi, riƙe da shuɗin kwanon nan a rufe da faifai. Ta ɓoye shi ne tun ranar da na jera sauran a kan kanta. Har wata miya daban ta yi masa, na ji ƙanshin daddawa. Na tsaya a gabanta.

"Ina za ki, Gwaggo?"

"Ka san inda za ni."

"Mun yi magana."

"Ba hannunka zai ɗauka ba, ba na matarka ba. Nawa ne. Ƙafata ce kuma."

Na waiwaya na ga mutanen layi suna leƙowa ta ƙofar zaure. A cikinsu akwai dattawa biyu da na sa suka bi layi da safe. Na ce, a hankali amma ba da wasa ba:

"Ajiye, Gwaggo."

Ta dube ni. Ta sunkuya ta ajiye kwanon a bakin madafi, ta koma gaban tukunyarta. Ni kuma na tafi ƙofar Alhaji, na yi sallama, na durƙusa, na jera masa bayani tun daga tafiyar Fuseni har zuwa durom da lokutan abinci. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki hularsa, ya sa takalmi, ya taka zuwa zaure. Ya ɗauki kwano a kan kanta kamar kowa, ya tsaya a bayan wasu masu lodin doya da gumi bai bushe a jikinsu ba. Suka dare suna cewa, "Baba, wuce gaba, wuce gaba." Ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya inda kuke. Dokar gida ce."

Da ya iso gaban tukunya, Gwaggo ta zuba masa kanta a sunkuye. Bai ce mata kogin Volta ba, ba ta ce masa ruɓaɓɓiyar albasa ba. Ya ci, ya wanke kwanon a famfo, ya mayar inda ya ɗauko. Washegari tun kafin amalanke ya zo ya fito da jakarsa a hannu. Na bi shi zan karɓa.

"Koma, Isiyaka. Aiki ya yi maka yawa."

Da ya sake zuwa Salaga a wani ƙaramin gida ya sauka, can bayan kasuwa. Bayan haka bai ƙara zuwa ba, sai dai ya aiko. Gwaggo ta yi kusan wata biyu ba ta ce mini komai ban da gaisuwa. Ana cikin haka aka koro mutanenmu daga Najeriya, shida daga cikin tara suka dawo suka tsaya a zauren da suka bari. Biyu na ɗauka, Fuseni da wani, domin gidan ba ya bukatar fiye da haka. Wannan ma an riƙe ni da shi a zango, kuma na fahimci masu riƙon. Amma maganar Alhaji ce take ci mini rai, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Mahaifiyarku ce ta gaji da ganina haka. Wata rana tana shanya ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Malam, Bawku ba Makka ba ce. Mota tana zuwa."

Na tafi ta Yendi, na kwana a can, na bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri direba yana salati mu ma muna yi. Na isa Bawku da rana tsaka. Gidan Alhaji babba ne, amma shiru, ciyawa ta fito a gindin rumbunan albasa. Nasa mutanen ma sun tafi, waɗanda suka dawo kuma sun wuce Paga da Kumasi neman abin yi. Shi ya fito da kansa, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, yana jan ƙafa ɗaya. Ya kai ni ɗaki. Jim kaɗan na ji motsi a bakin ƙofa, na leƙa, sai ga shi ya ajiye buta ya koma. Bayan na yi salla ya dawo da kwano a rufe da faifai, yana tafe a hankali kada miya ta zube. Na zabura zan karɓa.

"Zauna. Kai baƙo ne."

Ya sunkuya da ƙyar ya ajiye a gabana. Na zauna na ci. Da na gama na ce masa na zo neman gafara ne, na kuma fara jera dalilaina kamar yadda na saba. Wannan karon ya katse ni.

"Bar lissafin nan, ɗan abokina. Ka ɗauka layin ne ya ɓata mini rai? Na ga masu lodi sun ci da zafi sun koma aiki, na ce yaron nan ya yi dabara. Da ubanka yana da rai, ya rasa mutane kamar yadda ka rasa, wataƙila abin da zai yi ke nan. Ni ma nan baƙo biyu nake iya ɗauka yanzu, sauran in ba su haƙuri. Kai ba ka mayar da kowa. Ka fi ni."

"To mene ne, Baba?"

"Tagar ɗakina na gindin darbejiya tana kallon madafi. Na ga Azumi ta fito da kwanona. Na ga ka tsaya a gabanta."

Ya ci gaba:

"Da babu hannun da zai kawo mini, wallahi da na je na ɗauka da daɗin rai, har in tsokani Azumi a gaban mutane. Amma hannun yana nan. Kai ka hana shi."

Ya ce ya yafe, na kuma yarda da gaske yake, don ya tambayi Habiba da jaririya, ya ba ni buhun albasa in kai wa Gwaggo, ya ce in gaya mata wannan ba ta Kumasi ba ce, tata ce. Ranar da zan tafi ya ɗauki jakata da kansa har tasha, yana jan ƙafa, mutane suna kallonmu, ni ina biye da shi hannu sake. Ya tsaya a rana har mota ta cika. Ta taga na ce masa:

"Baba, yaushe za mu gan ka a Salaga? Ɗakinka yana nan."

"Zan aiko maka da mutane."

Ya cika alkawari. Shekara da shekaru masu albasa suna zuwa daga Bawku suna cewa Alhaji ne ya ce su sauka a gidan Isiyaka, ba a ɓata wa mutum lokaci a can. Da su da irinsu gidan ya tsaya, da shi aka ciyar da ku aka sa ku makaranta. Ban yi nadamar durom ba, ban yi nadamar layi ba, yau kowane masauki haka yake yi, babu ma wanda ya tuna an taɓa yin wani iri. Shi dai bai sake taka Salaga ba har labarin rasuwarsa ya iso mana a shekarun casa'in, ta bakin wani direba. Gwaggo tana gaban tukunya aka faɗa mata. Ta gama zuba wa mutanen layi har na ƙarshe, sannan ta shiga ɗaki.

Ranar, bayan an watse, na tsaya a bakin madafi na taka zuwa ƙofar ɗakin gindin darbejiya ina ƙirgawa. Taku goma sha tara ne.